Sandar Aradu a Garken Taubashi

Mahaifiyata tana da 'yan'uwa maza biyu, wa da ƙane. Babban manomi ne a wani ƙauye na yankin Issawane, a arewacin Mayahi, yana da rumbuna huɗu da 'yan shanu. Ƙaramin shi ne autan ɗakinsu, kuma shi aka sa lakkwal, wato makarantar boko, domin a wancan zamani idan aka ce kowane gida ya ba da yaro, wanda bai isa riƙe hauya ba ake bayarwa. Ya yi karatu a Mayahi da Maraɗi da Yamai, ya ƙetare teku, ya komo da digirin dakta a ilimin fizik. Yau farfesa ne. A jami'a ɗalibai suna miƙewa tsaye idan ya shigo. A ƙauye kuwa har yanzu Auta ne, kuma na ga yayansa ya aike shi ya ɗauko buta.

Aikinsa duka a kan aradu yake. Na karanta rubuce-rubucensa a shekarar da na kammala jami'a, waɗanda na fahimta da waɗanda na karanta don zumunci kawai. Na farko ya yi shi ne yana ɗalibi: ya kwance tsohuwar rediyo ya mayar da ita na'urar ƙidaya walƙiya, ya zauna da ita damina biyu. Daga baya ya yi shekaru yana auna yadda jigawa, wato ƙasarmu mai rairayi, take shanye wutar lantarki, da rani da kuma bayan ta jiƙe. Ya gano cewa busasshen rairayi rowa gare shi, ba ya karɓar wuta da sauƙi, shi ya sa sandunan tare aradu da ake shigowa da su daga waje ba su cika amfani a tuddanmu ba. A kan haka ya ƙirƙiro tasa: tsofaffin bututun famfo da aka haɗa da walda, da tsinin jan ƙarfe a sama, da waya mai kauri da ke gangarowa cikin rami mai zurfi cike da gawayi da gishiri. Ya kuma rubuta wa 'yan lise, wato babbar sakandare, littafi, wanda ni ma da shi na yi karatu. An kafa sandarsa a makarantu da asibitocin karkara da dama. A ƙauyensu ne kaɗai babu ko ɗaya.

A daminar da ta gabaci wadda nake magana a kanta, aradu ta faɗa kan rumbun Kawu Babba guda ta ƙone shi, ta kashe bijimin da ke ɗaure a gindinsa. Gidan yana bisa tudu, babu abin da ya fi shi tsawo a wajen. Da bazara ta kama, Kawu Auta ya biyo ta gidanmu a Tasawa, ya ce zai tafi ya kafa wa yayansa sanda kafin ruwan farko. Ya nemi in raka shi, saboda a cewarsa idan ya fara bayani da Hausa, Faransanci kan ƙwace masa baki kafin ya kai ƙarshen jimla. Mahaifiyata ta kama hannuna a zaure.

"Kada ka dawo mini sai an kafa ta," ta ce. "Su biyun nan kansu ɗaya ne, taurinsa kawai ya bambanta."

Na ɗauki aikin da muhimmanci. Na rubuta jawabi shafi uku, na tace shi har babu kalmar aro ko ɗaya a ciki.

A kasuwar Gidan Amumune muka sayi bututu da gishiri. Mai walda ya haɗa su a gaban kawu, yana aiki yana satar kallonsa. Da ya ji inda za a kai sandar, sai ya ajiye ƙarfen hannunsa ya ce, "Mai gidan ya san da zuwanta?" Kawu ya ce ai yayansa ne. Mai walda ya ce, "To," ya ci gaba da aiki. Muka ɗora kayan a amalanken shanu, mu kuma muka hau kabu-kabu muka yi gaba.

Kawu Babba ya karɓe mu da fura da fara'a. Bayan la'asar amalanke ta iso, maƙwabta suka taru a ƙofar gida don ganin abin da Auta ya kawo. Na miƙe na karanta jawabina. Na bayyana cewa gajimare yakan tara wuta, wutar tana neman hanya mafi kusa zuwa ƙasa, sandar kuwa hanya ce da aka share mata don kada ta bi ta rumbu ko ta mutum. An saurare ni cikin natsuwa. Wani tsoho ya ce bai taɓa jin Hausa mai tsabta haka ba sai a rediyo. Sannan Kawu Babba ya gyara zama.

"Ɗana, ka yi magana mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Auta, ka mayar da ƙarfenka."

"Yaya, wace aya ce ba ka gane ba? In sake bayani."

"Na gane duka. Wuta na neman hanya, ka share mata hanya. Ni ba jaki ba ne. Amma ba a gidana ba."

Sai da mutane suka watse ya faɗa mana dalili, murya ƙasa-ƙasa. A wajenmu, tun kaka da kakanni, ana cewa aradu tana bin ɓarawo da mai rantsuwar ƙarya. Malamai sun daɗe suna hana wannan zance, kowa kuma zai ce maka bai yarda da shi ba, amma idan tsawa ta faɗa gidan mutum sai a fara tuna tarihinsa. Shekaru da suka wuce Kawu Babba ya yi jayayyar iyakar gona da wani maƙwabci, aka kai ga rantsuwa, kawu ya rantse aka ba shi gaskiya. Da rumbunsa ya ƙone, sai tsohuwar maganar ta farka.

"Na yi shekara ina tafiya kasuwa kaina a sama," ya ce. "Yanzu in kafa ƙarfe mai tsawon giginya a tsakar gidana, wanda za a hango tun daga rijiya? Me zai ce wa mutane? Zai ce mai gidan nan yana da abin tsoro."

Kawu Auta ya cire tabarau ya goge. A duk lissafin da ya yi na tsawon sanda da zurfin rami, bai sa bakin mutane a ciki ba.

Washegari muka shiga neman wanda zai fara karɓa, don abin ya zama ba na mutum ɗaya ba. Maigari ya ce sanda alheri ce, amma shi mai shari'ar gonaki ne, idan aka gan ta a gidansa za a ce duk hukuncin da ya yanke akwai lauje a ciki. Liman ya ce shi ya sha yin huɗuba a kan wannan camfi, ya kuma yarda a kafa a masallaci. Muka yi murna, har kawu ya auna. Masallacin yana cikin kwari, can ƙasan gari, kuma kariyar sanda ba ta wuce 'yan taku daga gindinta. Ko an kafa ta a can, gidan da ke bisa tudu yana nan a buɗe. Da yamma gabas ta fara yin duhu tana washewa. Kwana uku amalanke tana tsaye a bayan gida da kayanta, awaki suna lasar buhun gishiri.

A rana ta huɗu taubashinsu ya iso. Kakata ta wajen uwa Bafillatana ce, wannan kuwa ɗan ƙanenta ne, makiyayi dogo mai yawan dariya. Kowace bazara yakan sauke garkensa a saurar Kawu Babba, gonar da ya bari ta huta, da ke manne da dangar gidan ta baya, shanu su ba ƙasa taki, shi kuma ya sami wurin zama da rijiya kusa. Tsakaninsa da kawunnaina babu maganar da ba a faɗa. Ya zagaya amalanke sau biyu, ya ƙwanƙwasa bututu da sandar kiwonsa.

"Bawana mai tabarau, wannan ne maganin aradun da aka ce ka kawo, ɓarayin garin nan suka ƙi sha?"

"Shi ne," in ji Kawu Auta. "Kai ma tsoro kake ji?"

"Ni? Kafa mini ita a garke."

Kawu Babba ya ɗago kai. "Kai ba ka jin abin da za a ce?"

"Me za a ce? A ce shanuna ɓarayi ne? Ai ɓarayi ne. Akwai gonar da ba su taɓa shiga ba a garin nan? Waccan jar saniyar bara ta cinye waken liman, ta tsaya tana kallonsa yana salati. In aradu masu laifi take bi, garkena ya fi kowane gida bukatar sanda. Ku da kuke salihai ku zauna haka nan."

Kafin azahar maganar ta zagaye gari, aka yi ta dariya a bakin rijiya. Waɗanda shanun suka taɓa yi wa ɓarna su suka fi kowa zuwa taya aiki, suna cewa gara a tsare dabbobin su rayu har su biya abin da suka ci. Aka haƙa rami ya fi tsayin mutum, aka zuba gawayi da gishiri, aka kwarara ruwa. Aka ɗaga sandar da igiyoyi huɗu. Kawu Auta ya sa aka kewaye gindinta da shingen ƙaya mai faɗi, domin idan wuta ta sauka takan bazu a ƙasa kusa da ramin, kuma saniya da ke tsaye a nan za ta sha ta ƙafafu. Wurin da ya zaɓa a cikin saurar na lura da shi: kusurwar da ta fi kusa da dangar yayansa.

Kawu Babba bai taɓa igiya ba. Ya zauna a inuwa yana gyaran ƙotar hauya, kamar aikin a wani gari ake yin sa. Bayan an watse ya kira ni gefe.

"Ɗana, a takardar nan taka da ka karanta, ka ce kariyar tana da iyaka."

"Haka ne, Kawu."

"Taku nawa?"

Na faɗa masa abin da Kawu Auta ya lissafa. Ya ce in taka masa ya gani, don takun 'yan boko gajere ne. Na fara daga shingen ƙaya na taka, yana biye da ni yana ƙirgawa da bakinsa. Iyakar ta ƙetare danga, ta ɗauki ɗakin matarsa da rabin tsakar gida, ta tsaya. Rumbunan uku da suka rage da turken shanu suna waje. Ya ja layi a ƙasa da dugadugansa, ya ce in je in huta.

Da safe na tarar da majiya ƙarfi takwas sun kewaye rumbu guda. Rumbunanmu na kara ne da zana, kuma a ƙarshen rani kusan babu komai a cikinsu, don haka ana iya ɗaga su ɗungurungum. Kawu Babba yana tsaye yana ba da umarni, yana kuma sanar da duk mai wucewa, da murya mai ƙarfi, cewa gara ta addabi tsohon wurin. Aka sauke rumbunan ɗaya bayan ɗaya a cikin layin da ya ja. Aka cire turke aka sake kafa shi. Zuwa hantsi har tabarmar da yake zama a kai ta koma inuwar dangar baya.

Taubashi ya leƙo ta saman danga. "Bawana, wannan garar taku ta iya lissafi. Daidai inda yaron nan ya tsaya jiya ta tsaya."

"Ka kula da ɓarayinka," in ji Kawu Babba.

Kawu Auta ya duba inda aka ajiye kowane rumbu, ya sa aka ƙara matsar da na ƙarshe taku biyu. Yayansa ya ce dama can wurin ya fi tauri. Ruwan farko ya sauka bayan kwana biyu, da tsawa mai girgiza ƙirji, muna zaune mu uku a ɗaki ɗaya cikin layin.

A maƙalar da kawu ya wallafa bayan wannan damina, an rubuta wurin gwajin da cewa garken wani makiyayi ne a arewacin Mayahi. A ƙarshenta akwai sakin layi guda wanda babu lissafi a cikinsa, inda yake ba masu kafa sanduna shawara su fara tambayar mutanen gari a gidan wa za ta iya tsayawa ba tare da ta zubar masa da mutunci ba. Ya ce mini wannan sakin layin ya fi ba shi wuya a kan sauran shafukan duka.

Da na koma Tasawa mahaifiyata ba ta bari na sauke jaka ba. Ta tambaya ko an kafa. Na ce an kafa, sai dai gaskiyar magana ba a gidan Kawu Babba take ba, a garken taubashi take, kuma sunansa take amsawa.

"Yayana yana ƙarƙashinta ko ba ya ƙarƙashinta?"

"Yana ƙarƙashinta, shi da rumbunansa da tabarmarsa."

"To shigo ka ci abinci," ta ce.