Tanki na Kan Bakwai

A'a, ku daina cewa rejeks, tsarin nan na kwamfuta mai tace rubutu, ba ya kuskure. Abin da kuka sa shi ya tsamo daga layin rubutu shi zai tsamo, sauran ya watsar, ko da rai ne a ciki. Ku tambayi Tsinke.

Siririya ce, shi ya sa sunan ya bi ta. A waya mai fasasshen gilashi ta koya wa kanta aikin kwamfuta, har kamfanin ruwa ya ɗauke ta. Babanta ne mai gadin tankin da ke bayan gari. Kullum da safe sai ya hau tsani, ya duba ruwa, ya turo wa ofis saƙo da lambar awon ruwan.

Tsoho ne mai dogon zance, sai Ogan ofis ya gaji.

"Tsinke, Babanki labari yake ba mu ko awo? Har kajinsa na sani!"

Ta yi dariya, ta rubuta tsarinta: nemi kalmar "tanki", tsallake fili, kama lamba, yar da saura. Allon kwamfuta ya koma fes. Awo bakwai, launin kore, lafiya lau.

Haka aka yi ta tafiya, har ranar da Gwaggonta ta kira ta da rana tsaka.

"Ke, yaushe rabonki da jin muryar ubanki?"

"Gwaggo, ko yau ya turo saƙo."

"Me ya ce?"

Sai Tsinke ta cire tsarin, layukan suka fito da jelarsu.

"Uwata, tanki 7, ƙafata ta kumbura."

"Uwata, tanki 7, tsanin nan na rawa."

"Uwata, akwai mai kiran sunana daga cikin tanki 7."

Daga nan babu "Uwata". Tanki 7. Tanki 7. Tanki 7.

Ko jaka ba ta ɗauka ba, ta ruga wurin tankin. Ɗakin gadi a buɗe, buta cike, kaji sun watse, takalmansa a jere gindin tsani. Wayarsa na kan tabarma, a mace, ƙura ta rufe ta. Ta hau tsanin, ta leƙa. Tanki a bushe ƙarau.

"Baba!"

Muryarta ce ta dawo. Sai aljihunta ya yi ƙara. Saƙo daga lambarsa: tanki 7.

Har yau saƙon na zuwa, har yau ba a ga tsohon ba. Tsinke kuwa duk layi sai ta karanta shi har ƙarshe, ko "Uwata" zai dawo.

Ku masu bin hanyar tankin nan, wani ya ga wani abu. Kar ku karanta ku wuce. Ku buɗe baki!