Kalma Ɗari Biyu da Arba'in

Yau ake rufe karɓar tsakuren bincike na taron masu nazarin motsin zuciya, kuma a ɗakin kwamfutar jami'a wata baiwar Allah ce zaune kusa da ni. Ban san ta ba. Hannun tabaranta ɗaya da zare aka ɗaure shi. Ta cire takalmi ta naɗe ƙafa a kan kujera kamar tana falon gidansu. Da yatsa biyu take bugawa, amma ban ga ta goge ko harafi ɗaya ba. Ni kuwa sati uku ina yanke nawa, har yanzu akwai rarar kalma saba'in.

Ina jin tana cikin masu sa'ar nan da malaminsu ke ɗaga waya idan sun kira.

Ta juyo. "Malam, don Allah kalma ɗari biyu da hamsin aka ce ko? Nawa ya tsaya a ɗari biyu da arba'in. Ba matsala?"

Na ce, "Ba matsala, Malama. Allah ya sa a dace."

Ta tura ba tare da ta sake karantawa ba, ta lalubi takalminta da ƙafa, ta fice.

Nawa binciken a kan hassada ne tsakanin abokan aiki. Mutum ɗari uku na sa suka auna tasu daga ɗaya zuwa bakwai, ba wanda ya wuce biyu. Yau ga bakwai cif na samu a ƙirjina, amma tsakuren ya cika, babu inda zan sa ta.