Kwalbar Mutum Shida

Bara'atu ɗiyar wanzami ce daga Sisawa. Ta yi karatun aikin lafiya a Sakkwato, aka turo ta ƙaramin asibitin Tungar Sale, gabas da Marnona, mai ɗaki biyu da firiji ɗaya da ke aiki da hasken rana. Shekara ashirin da ɗaya ta yi a nan. Rabin samarin garin a hannunta suka faɗo duniya. Ba ta da yawan dariya, kuma ba ta mantuwa.

Da allurar korona ta iso a 2021, Astarazenika aka fara kawo mata, wadda mutanen garin suke kira ta Indiya. Ta yi wa jama'a ta farko da ta biyu, kowa da katinsa, kowa da sunansa a rajista. Cikinsu har da Halliru mai sayar da irin albasa da yayansa Maccido. Daga Wurno har Goronyo an san Halliru da abu ɗaya: bai taɓa gauraya irin wata gona da na wata ba.

Farkon shekarar da ta biyo aka ce a yi ta uku. Wannan karon Faiza aka kawo, ta Amurka. Ita sai an sirka ta da ruwanta, kwalba ɗaya ta mutum shida ce, in an buɗe kuma awa shida kawai take yi a zubar da saura. A taron horo an gaya wa ma'aikata cewa ana ɗora ta a kan wadda ta gabata, kariya ƙaruwa take yi. Bara'atu ta yi wa Maccido. Bayan mako uku ya yanke jiki ya faɗi a gona, ya rasu. Shekara tara yana fama da hawan jini.

Ranar addu'ar uku tana cikin gida tare da mata, ta ji muryar Halliru ta bayan zana.

"Ku manoma na, ku hwaɗa min. Wa ka zuba iri biyu cikin hwangali guda? Ta zuba mai na Indiya, ta koma ta zuba na Amurka bisa. Mi kuke so jini shi yi?"

Ya zaro katinsa ya keta gaban mutane. Da za ta fita ta ga rabin katin a ƙasa, ta duƙa ta ɗauka.

Daga ranar sunanta ya koma Mai Gauraye. Masu awon ciki suka ɗauke ƙafa. Wata huɗu tana buɗe asibiti da safe, ta share, ta zauna. A cikin watannin ne naƙuda ta kama Khairiyya, maƙwabciyarta, wadda ita Bara'atu ta yanke wa cibiya. Dangin miji suka wuce ƙofar asibitin da ita a kan babur, suka nufi Wurno. Jaririn bai kai da rai ba. Bara'atu ta san a wuyan wa ta rataya wannan.

Sai aka buɗe hanyar Makka. Halliru yana da kujera tun shekarar da aka rufe, kuma masu shirya tafiyar suka ce kowa ya kawo kati da allura ta uku a ciki kafin Litinin ta sama. Ya hau babur ya tafi neman irin wadda aka fara masa, kamar yadda yake bin manomi har gida neman iri. Ya je Wurno, ya je Rabah, ya leƙa Rara, ya kai Goronyo. Ko'ina amsa ɗaya: wancan samfurin babu shi yanzu, kuma mai son sabon kati sai ya koma inda sunansa yake a rajista.

Ranar Laraba da hantsi ya yi sallama a ƙofarta.

"Malama Bara'atu, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Alhaji."

"Ba a kai ga Alhaji ba tukun."

"Na sani."

Ta buɗe rajista ba ta nema ba, don rabin katinsa ne alamar shafin. Ya gani, ya kau da kai. Ta ce kati ba matsala, ta uku kuwa Faiza ce kaɗai a firiji. Ta ƙara da cewa:

"Wadda kac ce ta kashe Maccido."

"Ki yi min ita hakanan. Ba sai an ji ba."

"Kwalba ta mutum shidda ta. Ba ni zubda rabon mutum biyat sabadda kai. Tahi ka zo da biyat, in buɗe."

Ka'idar gaskiya ce. Amma Bara'atu ta san washegari malamai biyar na wata firamare za su zo, gurbi ɗaya zai rage. Ba ta gaya masa ba. Ranar Alhamis ta yi musu, ta kira mai gadin makarantar ya cike na shida.

Halliru ya shiga gari gida-gida, wurin mutanen da shi ya tsorata. A teburin shayi wani matashi, Abdulƙadir, ya tare shi da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Baffa Halliru, ashe yanzu iri biyu na tsira hwangali guda?"

"Allura ba shuka ba ta. Likitan Goronyo ya ce duk ciwo guda suka koya ma jiki ganewa."

"To mi ya hana ka tambayi likitan Goronyo kahin ka keta kati?"

Aka yi dariya, ba wanda ya tashi. Ya bi gonaki, ya bi masallatai, ya tsaya a ƙofar mutanen da a da su ke zuwa tasa. Zuwa Lahadi, ranar kasuwar garin, mutum huɗu ya samu, biyu ma ƙannen matarsa ne.

Ya tarar Bara'atu ta fito da benci da tebur ƙarƙashin dogon yaro, daidai inda 'yan kasuwa suke wucewa. Ta ƙirga su da biro.

"Da kai biyat. Saura guda."

"Don Allah, Malama. Gobe Litinin."

"Akwai wadda ta ce tana cikawa. Amma tana da tambaya."

Khairiyya ta fito daga ɗakin awo. Tun daren jiya Bara'atu ta aika mata. Ta rame, muryarta ba ta da ƙarfi, amma wurin ya yi tsit har aka ji ta.

"Baffa, mi ya kashe Baffa Maccido?"

Halliru ya dubi mutanen da suka fara taruwa da kwandunansu. Ya dubi akwatin sanyi a kan tebur.

"Hawan jini na," ya ce.

"Ba a ji ba can baya," in ji Bara'atu.

"Hawan jini na! Wata biyu ya bar shan ƙwayoyinai. Na sani tun ran nan."

Sannan ta buɗe kwalbar. Ta sirka, ta juya ta a hankali, ta fara da Khairiyya, ta bi sauran huɗun. Shi ta bari ƙarshe, hannun riga a naɗe, yana tsaye cikin rana. Da ta gama ta rubuta sabon kati, ta karanta da ƙarfi: ta ɗaya Astarazenika, ta biyu Astarazenika, ta uku Faiza.

Ya karɓa da hannu biyu. Maniyyaci ba ya tashi sai ya bi mutane ya nemi gafara, shi ma ya nema.

"Kati ka zo nema, ga shi," ta ce. "Gahwara kuwa, hwara da Khairiyya."

Ya juya, Khairiyya ta riga ta shige cikin kasuwa.

Halliru ya yi aikin hajjinsa ya dawo lafiya. Ya aiko wa Bara'atu da dabino da zamzam, ta ba masu jiran awo, waɗanda suka dawo tun makon da aka yi allurar ranar kasuwa. Yau bencin asibitin ba ya isarsu. Rabin katin yana nan a rajista, a shafinsa.