Ƙofar da Aka Ba Suruki Aro

Shekarar da na dawo Azare da zama, wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ni in gina mata shafin kama layin tarakta ta waya. Taraktocin ƙungiyar ba su da yawa, manoma kuwa tun daga Hardawa har Udubo kowa so yake a fara da gonarsa. Kafin zuwana, wanda ya fi iya durƙuso a zauren shugaban ƙungiya shi ake fara yi wa haro, wato kaftun gona da tarakta kafin shuka. Matasa suka gaji, suka matsa lamba, aka ce to a koma waya, wanda ya riga shiga shi ne gaba. Shugaban, wani Alhaji mai son a ce masa ɗan zamani, ya amince a gaban taro har da tafi, don a lokacin bai gane abin da ya amince da shi ba.

Ni kuwa ina da nawa dalilin. Gwaggona, yayar mahaifina, tana Gololo, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna can kudu neman abinci. Duk shekara tarakta ba ta isa gonarta sai ciyawa ta kai gwiwa, ta yi shuka a makare, ta girbe abin da ba ya kai ta bazara. Na je har gida na zauna a tabarmarta na cika baki, na ce bana da ruwan fari za a yi mata haro. Maƙwabciyarta mai babbar waya ta yi alkawarin shigar mata da zarar an buɗe.

Aikin ba tsafi ba ne. Injuna 'yan kaɗan na haɗa suka zama gungu ɗaya, abin da muke kira kulasta, na zuba manhajar a ƙananan mazubai na cikin inji da muke kira kwantena, yadda in ɗaya ta mutu wata za ta tashi a wani injin ba wanda ya sani. Sai dai duk wanda ya danna wayarsa daga ƙauye, ta ƙofa ɗaya saƙonsa zai shigo kafin a rarraba shi ciki, kuma in ƙofar nan ta faɗi, lafiyar na ciki ba ta tsinana wa kowa komai. Saboda haka na yi ƙofa biyu, kowace a injinta, na kafa dokar kada su taɓa zama wuri ɗaya. Ta biyun na kai ta ɗakin baya, na ba ta batirinta na sola da layinta na intanet daban. Adireshin shafin ɗaya ne, yana hannun ta farko, ta biyu kuma tana sauraron numfashinta. Da ta ji shiru sai ta karɓe adireshin ta ci gaba da aiki.

Na tara 'yan kwamiti na gwada musu. Na fizge wayar wutar ƙofar farko a gabansu, shafin bai ko ƙifta ba. Suka yi ta jinjina kai, sakatare ya ɗauki hoto ya tura wa duniya kamar shi ya ƙera. Alhaji ne kawai ya yi tambaya, ya ce to in ta farkon tana lafiya, ita ta bayan me take yi? Na ce jira take yi. Ya dubi ɗakin bayan nan ya daɗe yana kallo, irin kallon da ake yi wa akuyar da ba a san mai ita ba.

A wajenmu abin da yake zaune ba a hana aronsa. Tsani ne, baro ne, kujerun biki ne, babbar tukunya ce, muddin ba a kan wuta aka same ta ba, to ta mai tambaya ce. Ka hana, a sa maka suna marowaci, sunan kuma ya bi ka har jikoki. Al'ada ce mai kyau, ni ma na ci moriyarta, amma ba a yi ta don injin da zamansa shi ne aikinsa ba.

Wata ranar Laraba da hantsi ina wajen ɗaurin aure, wayata ta yi ƙara, kulasta na sanar da ni ƙofa ta biyu ta ɓace. Na zo ofis a guje na tarar da ɗakin baya wayam. Ba inji, ba batir, ba akwatin intanet, har tabarmar robar da na shimfiɗa musu an naɗe. Ashe surukin Alhaji ne ya buɗe wa ɗansa shagon buga takardu a Katagum, ya leƙo gaisuwa, ya hangi kaya a zaune, ya tambaya. Alhaji da kansa ya sa aka ɗora su a bayan a-kori-kura.

Na same shi a zaure yana cin goro. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na yi masa bayani tun daga tushe, a hankali, da Hausar da ko ɗan yaye zai gane.

Ya ce, "Injiniya, shafin yana aiki ko ba ya yi?"

Na ce yana yi, amma da ƙafa ɗaya.

"To alhamdu lillahi. Kai da bakinka ka ce jira take yi. Ta je ta yi jiran a Katagum mana. Suruki ne fa, da wane ido zan kalle shi in ce a'a?"

Raina ya ɓaci. Na koma wajen 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Duk mutanen nan da suka jinjina kai ranar gwaji, kowa ya sunkuyar da nasa. Sakatare ya ce in yi haƙuri, damina da saura, yaron yana tsayawa da ƙafafunsa za a dawo da kayan. Wani dattijo ya ja ni gefe ya yi mini nasiha, wai boko bai kamata ya koya wa mutum rowa ba. Na hau mota na tafi Katagum da kaina, na tarar an goge injina tas, ana buga katin gayyatar suna da shi, batirin kuma yana juya fanka a kan mai shago. Ya kawo mini ruwan sanyi, ya ce in gaida Alhaji.

Na yi abin da zan iya. Na tayar da wata ƙofar a ɗaya daga injunan ciki, amma wutarsu ɗaya da ta farko, layinsu ɗaya, rufinsu ɗaya. Sunan biyu ne kawai, ni na sani.

Dokar ƙungiya ita ce ba a buɗe layi sai ruwan shuka ya sauka, don dattawa sun ce kama layi kafin ruwa shisshigi ne ga Ubangiji. Ruwan ya zo da la'asar, da iska da tsawa kamar yadda ruwan fari ya saba zuwa. Na buɗe shafin, mutane suka fara shigowa, ina kallon sunayen garuruwa suna hawa. Ba a jima ba tsawa ta faɗa kusa da ofis, ta bi waya ta ƙone akwatin intanet ɗinmu ɗaya tilo. Injunan ciki lafiyarsu ƙalau, kwantenoni na ta jiran baƙi, ba ƙofar shiga. Maƙwabciyar Gwaggo ta kira ni ta ce tun ɗazu take dannawa abin yana ta juyawa, ga tsohuwa zaune kusa da ita ta ƙi tashi.

Sai washegari da yamma na samo wani akwatin na mayar da shafin. Kafin nan zauren Alhaji ya cika ya batse, ya raba layi da baki, ga masu manyan riguna, ga abokan siyasa, ga surukin Katagum da ko noman kirki ba ya yi. A taron da ya biyo baya ya tashi ya ce ya daɗe yana faɗa, kayan zamani ba su da tabbas, gara abin da muka gada. Aka yi masa tafi, sakatare ya fi kowa ƙarfin hannu.

Tarakta ta isa gonar Gwaggo bayan maƙwabtanta sun gama noman fari. Geron ya tashi, ruwa ya ɗauke yana cikin fitar da kai. Da kaka na je Gololo, ina jin kunyar haɗa ido da ita, na ga abin da ta tara a tsakar gida, ko rabin rumbu ba zai kai ba. Ta dama mini fura, ta tambayi yara.

Da na tashi tafiya sai ta shiga ɗaki ta fito da zabi biyu an ɗaure musu ƙafafu, cikin 'yan waɗanda take kiwo.

Ta ce, "Ungo, ɗan nan, ka kai wa Alhajinku. Ka ce na gode da bai manta da ni ba. Ka durƙusa sosai in za ka ba shi, ko baɗi ya sa ni a gaba."

Na karɓa na rataya su a babur, suna ta kuka har Azare, kuma na kai masa.