Yaren da Babu Shi a Filash Ɗin Kowa

Bara war haka, in ka shigo unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan ka tambayi yarinyar da ta fi kowa surutu, ko kurma zai nuna maka ƙofar gidanmu. Mama takan ce bakina ya riga ni zuwa duniya, ya zauna yana jiran sauran jikina. A lokacin ban cika sha bakwai ba, kuma a ganina babu abin da ban sani ba sai ranar mutuwata. Na rubuto wa mujallarku ne saboda wannan bakin ya jawo wa wani abin da har yau in na tuna nake kasa cin abinci. To, ina dai ci, amma wallahi ba ya yi mini daɗi.

Wanin nan kuwa Yayana ne. Shi Allah ya yi shi shiru-shiru, sai ya wuni bai ce ƙala ba. Tare muke zuwa wani ƙaramin ma'ahad, wato makarantar koyon sana'a, kusa da kasuwa muna koyon barmaja, wato rubuta wa kwamfuta umarni da yaren da take ji. Ustaz ɗinmu ya ce a ƙarshen zango kowane mutum biyu su kawo manhajar da suka haɗa, waɗanda tasu ta yi aiki a kan kwamfutar ma'ahad, a gaban idonsa, za su wuce zuwa babban aji kyauta. Ni ina da makarantata, ko na wuce ko ban wuce ba. Yaya kuwa ya gama sakandare, kuma Baba ya gaya masa in ya wuce ya ci gaba da karatunsa, in bai wuce ba ya bi Kawu zuwa Fashaga yankan riɗi, don gida na bukatar hannu. Baba ba ya maimaita magana.

A ma'ahad ɗinmu filash ne komai. Shabaka, wato intanet, tana zuwa mana ne kamar baƙuwa mai fushi, ta leƙo ta koma, wutar lantarki ma haka. Don haka duk wanda ya dace ya sauke darasi da Larabci, ko wani guntun aiki da wasu suka riga suka rubuta, sai ya zuba a filash ya miƙa wa na kusa da shi. Akwai filash ɗin da ya zaga hannaye har yana ƙanshin gahawa da albasa. Kuma dukkanmu yare ɗaya muke koyo, wani tsohon yare da duniya ta sani. In ka maƙale sai ka taɓo maƙwabcinka, ko ka ɗaga wa Ustaz hannu. Da wannan yaren Yaya ya fara haɗa mana manhajar da za ta riƙa nuna wa manomi ɓangaren gonar da ya kamata a fara yankewa, tunda riɗi in ya wuce lokacinsa fashewa yake yi ya zube a ƙasa. Aikin ya kai rabi, yana tafiya lafiya.

Sai na ga wani bidiyo a waya. Wani mutum mai gilashi yana yabon wani sabon yaren kwamfuta, wai ya fi kowane yare sauri, wai shi ne yaren gobe. Kafin bidiyon ya ƙare na riga na zama 'yar ƙabilarsu. Washegari na shiga aji ina kiran yarenmu yaren kakanni, na ce har kwamfuta hamma take yi in ana rubuta shi. Ustaz ya ce bai hana kowa ba, amma shi bai san yaren ba, in mun faɗa rami kada mu kira sunansa. Yaya ya ce in rabu da shi da abin da ya sani. Ban rabu da shi ba. Na bi shi rumfa, na bi shi bakin famfo, na hana shi cin kisra cikin kwanciyar hankali. Na ce ranar gwaji Ustaz zai miƙe tsaye ya tafa mana har hularsa ta faɗi. Da na ga duk bai motsa ba, sai na ce da irin wannan tsoron nasa gara ya fara wasa laujensa tun yanzu. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce shi ke nan, Hajiya Rediyo, a yi yadda nake so. Har yau wannan kallon yana idona.

Da farko abin daɗi ne. Muna aiki a kan kwamfutar wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa, yaren kuma da gaske yana da sauri. Sai ranar da muka sa sunayen gonaki da Larabci. Haruffan suka fito a rarrabe, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya, kuma daga hagu zuwa dama. A tsohon yare akwai guntun aikin da yake gyara wannan, yana cikin filash ɗin kowa. A sabon kuwa babu wanda ya taɓa rubuta shi. Na nemi darasi da Larabci, babu. Na ga wani a wata ƙasa ya yi tambaya mai kama da tawa tun da daɗewa, ƙarƙashinta fayau, ko tari ba wanda ya yi. 'Yan ajinmu suka sa mini suna sarauniyar ƙabila mai mutum biyu, kullum sai sun tambaye ni ya mutanena. Na aika tambaya dandalin masu yaren, shiru. Yaya ya ce mu koma wa tsohon tunda da sauran lokaci, ni kuma na rantse amsa na hanya. Muka mayar da sunayen zuwa rubutun boko, manhajar ta yi aiki, na dinga tsalle a tsakar gida har kaji suka watse.

Ranar gwaji maƙwabcinmu ya tafi Gallabat da kwamfutarsa, amma ko a jikina, don na kwafe komai a filash. Abin da ban sani ba shi ne, yaren nan in za a girka shi a sabuwar kwamfuta sai ya janyo wasu sassansa daga intanet, shabaka kuwa ta ɗauke tun safe. Allon ya cika da jan rubutu. Ustaz ya juya ya tambayi aji ko akwai mai waɗannan sassan a filash ɗinsa. Waɗanda suke tsokanata kullum su ne suka fara lalube aljihu, aka gwada filash bayan filash, har mai ƙanshin albasar. Babu. Ustaz ya ba mu har la'asar. Muka zauna muna kallon alamar shabaka, Yaya yana ta murɗa bakin rigarsa. Da aka kira salla Ustaz ya dafa kafaɗarsa ya ce ma'alesh, mu yi haƙuri, ba zai iya wuce da abin da bai gani ba.

A gida Yaya ya gaya wa Baba cewa shi ne ya zaɓi yaren. Na buɗe baki, ya harare ni, kuma a karo na farko a rayuwata bakin nan ya rufu. Ranar da motar Kawu za ta tashi ya miƙo mini filash ɗinsa, ya ce in ajiye, can ƙura za ta ɓata shi. Bayan tafiyarsa ne amsa ta zo daga ɗaya cikin masu yaren. Mutumin kirki ne, murna yake yi wai ni ce ta farko da ta rubuto masa daga Sudan. Ya ce su kaɗan ne, bayan sun tashi daga aiki suke taɓa abin, kuma babu wanda ya taɓa neman Larabci a wurinsu. Sai ya tambaye ni ko zan iya rubuta musu sashen da kaina. Na yi dariya har Mama ta leƙo, daga nan dariyar ta koma kuka.

A ranar na gane cewa yaren ba shi da laifi, mutane ne ba shi da su. Ba a zuwa wurinsa don babu darasi, babu kayan aiki, babu maƙwabcin da za ka taɓo, su kuma waɗannan ba za su samu ba sai mutane sun zo. Dole wasu su fara, amma masu farawar su ne waɗanda in abin ya ƙi za su karkaɗe riga su koma harkarsu. Ni ina da inda zan koma. Yaya ba shi da shi, kuma da damarsa na yi wasa, ba da tawa ba. Don haka 'yan'uwana masu ɗokin sabon abu, ku koya, ban ce kada ku koya ba. Amma kafin ku ja wani ya bi ku, ku duba waye a kusa da ku ya san abin, kuma waye zai hau mota in ya ƙi aiki.

Yaya ya dawo bayan yankan riɗi, ya yi baƙi, tafin hannunsa ya tsattsage. Kafin ya dawo na ƙarasa manhajarsa ta farko da tsohon yaren, da taimakon filasan 'yan ajinmu. Na nuna masa ita a filash ɗinsa, sunayen gonaki sun fito da Larabci tsaf. Ya danna, ya jira, ya ce tana da nawa wajen buɗewa. Na ce ai yaren kakanni ne, sai an yi masa haƙuri. Ya yi dariya, ta farko da na ji tun ranar nan, har na fara murna. Sai ya zare filash ɗin ya mayar mini a hannu, ya ce in ci gaba da ajiyewa, don Baba ya riga ya yi wa Kawu alkawarinsa a girbin dawa.