Inuwar Azahar a Ɗakin Kwamfuta

Wata Laraba a watan Rajab, ina aji biyu na ƙaramar sakandare, malamin lissafinmu, Malam Sabo, ya tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta yana kiran sunaye. Na'urorin huɗu ne kacal, don haka sai gwanayen lissafi ake bari su shiga, ni kuwa na ƙarshe nake zuwa. Da na kutsa kai ya tare ni da sanda. "Kai, jikan ladan, koma gindin darbejiya. Nan ba makarantar allo ba ce."

Ban koma ba. Kakana, ladanin masallacinmu a Dukawuya, ba ya ɗaura agogo. Da inuwarsa yake gane Azahar, yana auna ta da tafin ƙafa. Tun ina ƙarami, in na sauke tulun ruwa, ni nake rubuta masa awon kowace rana da ajami a wani tsohon littafi. Littafin na miƙa wa Malama Hajara mai koyar da kwamfuta, na ce ina so na'urar ta riƙa faɗin tsawon inuwa. Ta jujjuya shi ta yi dariya. "Sai dai ka karanta min, ni boko ya cinye ni." Ta roƙo min mako uku a wurin Malam Sabo: in na'urar ta faɗi daidai na zauna, in ta kuskure na fita.

Na'ura ba ta san jikan kowa ba. Duk abin da ban gane ba sai ta ƙi motsi. Dole na koyi kusurwa da rabawa, abubuwan da bulala ta kasa cusa min. Na bar langa, na bar ƙwallon tsumma, ina rubuta mata umarni ina gogewa.

Ranar gwaji na'urar ta ce ƙafa uku da rabi. Duk ajin muka fita fili da rana tsaka. Malam Sabo ya tuɓe takalmi ya taka inuwarsa da kansa: ɗaya, biyu, uku, sai rabi. Ya ce, "Sa'a ce." Na ce, "Malam, a sake gobe." Aka sake, ta kuma faɗi daidai. Har na gama makarantar ba wanda ya ƙara tare ni a wannan ƙofa.

Yau 'ya'yana a waya suke haɗa irin wannan, wayar ce ma ke tuna musu salla. Ban hana su ba, sai dai babu wanda ya san tsawon inuwarsa a cikinsu. Allah Ya jiƙan Kaka. Bai taɓa ganin kwamfuta ba, bai kuma taɓa makara ba.