Nonon Inna a Shekarar Fari

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, mutanen karkara suka cika bayan unguwarmu a Zinder, suka kafa bukkokin kara. Ina ƴar shekara tara, Inna kuma tana goyon ƙanena.

Wata safiya a layin famfo muka tarar da wata mata daga Damagaram Takaya tana ɗiga wa jaririnta ruwan kunu da yatsa. Inna ta tambaye ta, ta ce nononta ya ƙafe tun a hanya. Yaron ko kuka ba ya iyawa, sai buɗe baki kawai. Inna ta ajiye tulu, ta zauna kan dutse, ta ce, "Miƙo shi nan, ƴar'uwa."

Daga ranar matar take zuwa gidanmu safe da yamma. Baba bai hana ba. Ya dai ce tuwon jar dawar da ake rabawa ba zai riƙe mai shayar da biyu ba. Sai ya riƙa turo wa Inna kwanonsa da saura, wai ya ƙoshi.

Da zafi ya tsananta, gudawa ta shiga bukkokin, aka binne yara da yawa. Ta taɓa jaririn, ta taɓa ƙanena, amma duk suka tashi. Da damina ta sauka, matar ta zo sallama. Ta tsaya a zaure tana hawaye. Inna ta sa wa yaron hular ƙanena, ta gyara masa goyo.

Na girma, na shiga lekol, makarantar ungozoma. A can aka koya mana cewa a bangon hanji da maƙogwaro akwai ƙananan kaluluwa masu gane ƙwayar cutar da mutum ya haɗiya. Su ne ke haɗa kariya, a jikin mai shayarwa kuma kariyar takan sauka cikin nono. Ruwan da mutanen bukkoki ke sha shi Inna ke sha, don haka nononta ya san cutar da ke yawo a unguwar.

Da na zo hutu na bayyana wa Inna wannan, tana tsince zogale a faifai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dai yaro ta gani da yunwa. Sannan ta ce, "Ko yanzu ya yi tsawo? Kada ki manta kina da ƙane a Takaya."